Alƙalami, Mumbari da Gadon Sarauta: Abin da Rubutun Hausawa Yake Faɗa Game da Tarihinsu

Akwai gardamar da ta ƙi ƙarewa tsakanin masu karatu a ƙasar Hausa. Wasu na ganin waƙa da littafin labari kayan hira ne, in an zo maganar tarihi sai a ture su gefe a ɗauko takardun hukuma. Wasu kuma da zarar sun ji baitin wani malami na da, sai su riƙe shi a matsayin hujjar da ba a ja da ita kan abin da ya faru. Akwai kuma masu cewa shigar addini cikin maganar mulki sabon abu ne da 'yan siyasar zamani suka kawo. Kowanne daga cikinsu akwai gyara a maganarsa. Tun fiye da shekara ɗari biyar, da harshen addini Hausawa suke muhawara kan mulki, kuma a cikin waƙa da littafi suke yin muhawarar. Marubutan nan ba 'yan kallo ba ne, da su aka yi. Wannan shi ne darajar rubutunsu, shi ne kuma dalilin da ya sa dole a karanta shi da lura.

Ma'anar kalmomi

Adabi kalma ce da muka aro daga Larabci, ana nufin maganar da aka tsara da fasaha. Akwai na baka, kamar tatsuniya da kirari da waƙar makaɗan fada, akwai kuma rubutacce, kamar waƙar malamai da ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo. Ajami shi ne rubuta Hausa da haruffan Larabci, boko kuma rubuta ta da haruffan da Turawa suka zo da su.

Tunanin addini a nan ba shi ne saukakken nassi ba. Fahimtar da malamai suka yi wa nassin ake nufi, wato fatawarsu da wa'azinsu da tafsirinsu, da yadda suka auna zamaninsu da shi. Nassi ba ya canzawa, amma tambayoyin da mutane suke zuwa masa da su suna canzawa. Shi kuwa zama al'umma ɗaya, amsar da jama'a suke bayarwa ce in an tambaye su su wane ne: Kanawa ne ko Gobirawa, Musulmi ne, Hausawa ne, 'yan Arewa ne, ko 'yan Nijeriya da 'yan Nijar.

Tushen abin

A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, malamin nan na Arewacin Afirka, Shehu Magili, ya sauka a Kano ya rubuta wa sarki littafi kan abin da ya wajaba a kan masu mulki. Tun daga nan aka sami tsarin da ya daɗe: sarki na riƙe da takobi, malami na riƙe da ma'aunin da za a auna sarkin. Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda, da labarin Bayajida da rijiyar Kusugu a Daura, su ma ba labarai ne kawai ba. Suna amsa tambayar wa ya cancanci sarauta, da kuma dalilin da ya sa garuruwan da suka sha yaƙi da juna suke ɗaukar kansu 'yan gida ɗaya.

Shekarun jihadi

Babu zamanin da rubutu ya yi aiki a ƙasar nan kamar zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1754 ya rasu a 1817. Kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804, ya shafe kusan shekara talatin yana yawon wa'azi a Gobir da Kabi da Zamfara. Da Larabci yake yi wa malamai rubutu, da waƙoƙin Fulatanci da Hausa yake kai saƙo ga makiyayi da manomi. Kafin a zare takobi, alƙalami ya riga ya gama shirya zukata.

Wanda ya duba littafinsa Kitabul Farƙi zai ga cewa wa'azin ba a kan alwala da salla kaɗai ya tsaya ba. Littafin ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki da ƙwace a kasuwa, ya kira su da sunayensu na Hausa, ya ce ba hanyar mulkin Musulunci ba ce. Koken talaka ne aka zuba shi cikin harshen fiƙihu. Mai neman sanin abin da ya dami mutanen karkara a ƙarshen ƙarni na 18 zai same shi a nan fiye da ko'ina.

Sai dai abin da ya fi ban sha'awa, wanda kuma ba a cika faɗa a kan mumbari ba, shi ne yadda masu jihadin suka soki kansu da kansu. A 1807, ana tsakiyar yaƙi, Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, ya bar runduna da nufin tafiya gabas saboda abin da ya gani na son dukiya da muƙami a tsakanin mayaƙa. Mutanen Kano suka tare shi suka roƙe shi ya zauna, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan tsarin mulki, sannan ya koma. Ɓacin ransa yana nan a rubuce cikin Tazyinul Waraƙati. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, gargaɗi ce mai zafi ga sarki da alƙali da duk wanda aka ba amanar jama'a. Ba sarakunan Gobir take yi wa gargaɗin ba, domin an riga an ci birninsu Alƙalawa tun 1808. Sababbin masu mulki take nufi. Ke nan daular ta haifi masu sukanta daga cikin gidanta, ta kuma adana sukan ba ta ƙone shi ba. Wannan abin girmamawa ne, kuma shi ya ba na baya ƙafar tsayawa.

Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi wani aikin da tasirinsa ya wuce koyarwa. Ta tsara 'yan taru, ta naɗa jajis, wato matan da ke jagorantar ayarin mata daga ƙauyuka su karɓi karatu cikin waƙa su koma su koyar. Da Hausa aka yi yawancin wannan aiki, domin ita ce harshen mafi yawan matan da ake son kai wa. Da haka tarihin jihadi, kamar yadda ta tsara shi a Waƙar Gewaye, ya shiga ɗakunan matan da iyayensu suka yaƙi jihadin. A daidai lokacin kuma gidajen sarautar Fulani a birane suna komawa magana da Hausa. Abin da 'yan siyasa da jaridu suka zo suka kira Hausa-Fulani daga baya, a nan ya fara haɗuwa.

Waɗanda ba su yarda ba

Kusan duk abin da muke karantawa game da jihadi, waɗanda suka yi nasara ne suka rubuta. Amma akwai wata murya. Shehu Muhammadu Al-Kanemi na Barno ya rubuto wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar ƙasar da mutanenta ke salla da azumi, yana cewa saɓo ba kafirci ba ne. Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, ya ba shi amsa, ya kuma sa wasiƙun a cikin Infaƙul Maisuri, littafin da ya kammala a 1812. Malamai biyu, mazhaba ɗaya, littattafai ɗaya, amma kowa ya fito da hukuncin da ya dace da ƙasar da yake karewa.

Su kuma sarakunan Katsina da Gobir da aka kora, zuriyarsu ta kafa Maraɗi da Tsibiri, a cikin Nijar ta yau. Tarihinsu bai shiga littafi sosai ba, a bakin makaɗa da maroƙa ya zauna. A can Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo gwarzo ne, kuma labarin shekarun nan labarin kare gida ne. Wanda ya karanta na Sakkwato bai saurari na Maraɗi ba, rabin zance ya ji.

Zuwan Nasara

A 1903 Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingilishi, tambayar da ta taso kuma ta fiƙihu ce: a yi hijira ko a zauna? Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira, aka kashe shi a Burmi a wannan shekara, kuma akwai waƙar Hausa da ake dangantawa da shi mai kiran jama'a su tashi. Waziri Buhari ya zauna, ya rubuta risala yana bayanin cewa ya halatta a yi mu'amala da mai rinjaye a zahiri domin a tsare addini da rayukan Musulmi, matuƙar zuciya ba ta miƙa wuya ba. Zuriyar waɗanda suka bi ra'ayin farko suna Sudan har yau. A kan ra'ayi na biyu aka gina zaman sarakuna da Turawa na shekara kusan sittin. Can a ƙasar Gonja da Kete Krachi, cikin Gana ta yau, Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, ya rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausa kan yadda Nasara suka ci gari bayan gari.

Boko da gasar 1933

Da Turawa suka tsayar da boko a makarantu da ofisoshi, sai suka ga babu abin da ɗalibai za su karanta. Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin.

Littattafan nan suna faɗin zamaninsu ta abin da suka ce da abin da suka yi shiru a kai. Ganɗoki jarumi ne da ya yaƙi Turawa, amma labarin ya ɗauke shi ya kai shi ƙasashen aljanu, da ya dawo sai ya tarar da sabon zamani ya kuma karɓe shi. An bar mai karatu ya yi alfahari da jaruntar kakanninsa ba tare da an taɓa mai mulkin yau ba. Shaihu Umar ya nuna baƙin cikin cinikin bayi ta hanyar uwa da ke neman ɗanta har ƙetaren Sahara, kuma ilimin addini ne ya ɗaukaka yaron. A Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1930, sarki adali ne, mugu shi ne waziri. Darasin da ke ƙasa shi ne sarauta ba ta da laifi, a dai sama mata mashawarci nagari. Wannan bai rage wa Imam gwanintarsa ba ko kaɗan, amma ya kamata a tuna cewa hukuma ce take buga littafin, ita take kuma raba shi a makarantu.

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a Janairun 1939, ta yi abin da babu wani sarki da ya taɓa yi. Malamin makaranta a Bauci da akawu a Katsina da ɗan kasuwa a Jos suka riƙa karanta shafi ɗaya, suna amsa wa juna a wasiƙu. A nan Arewa ta tashi daga sunan kusurwa ta zama sunan jama'a. A 1943, da aka kai editocin Afirka ta Yamma Ingila, Imam, editan jaridar, ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Nnamdi Azikiwe ya shirya, saboda yana ganin ba a yi shawara da Arewa ba.

Jumhuriya ko mulukiya

Mutumin da ya fi kowa nuna yadda waɗannan igiyoyi suka sarƙe shi ne Malam Sa'adu Zungur na Bauci, wanda ya rasu a 1958. Malami ne da ya sha karatun zaure, ya kuma yi boko har Kwalejin Yaba. Ya yi aiki da jam'iyyar NCNC a Legas, ya dawo gida da ɓacin rai. Waƙarsa Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ta ɗora tambayar a fili. Jumhuriya ita ce ƙasar da jama'a ke zaɓen shugabanta, mulukiya kuwa wadda sarki ke gado. Sa'adu bai nemi a rushe sarauta ba. Ya kira sarakuna su koma kan adalcin da Shehu ya bari, su rungumi ilimi, in ba haka ba za su rasa komai, Arewa kuma ta koma ƙarƙashin waɗanda suka riga ta karatu. Waƙa ɗaya ta ɗauki fushin talaka da tsoron Kudu da kishin gadon Sakkwato gaba ɗaya, shi ya sa har yau kowane ɓangare yake samun abin da zai ɗauka a cikinta. Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da tasa waƙar, Arewa Jumhuriya Kawai.

Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, NPC kuma ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, sai gardamar ta koma kan wa ya gaji Shehu. Sardauna Ahmadu Bello jininsa ne ta wajen Muhammadu Bello, kuma mawaƙan jam'iyyarsa ta NPC ba su bari a manta ba. Malam Aminu Kano da mawaƙan NEPU irin su Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu suka ce gadon Shehu adalci ne, duk wanda ya zalunci talaka ya fita daga gadon ko ɗan wane ne. Ba wanda ya ce a ajiye addini a gefe. Kowa da shi ya yi yaƙi. Kuma da gwamnatocin PRP suka hau a Kano da Kaduna a 1979, soke haraji da jangali na cikin abin da suka fara shelantawa. Koken da ke cikin Kitabul Farƙi ne ya dawo bayan shekara fiye da ɗari da hamsin.

Zama ɗan Nijeriya kuwa ya shigo waƙar Hausa a makare. Shehu Shagari ya rubuta Waƙar Nijeriya tun yana malamin makaranta, don koya wa yara labarin ƙasa. Amma sai a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da rediyon Kaduna ya cika da waƙoƙin soja na su Mamman Shata, sannan sunan ƙasar ya zauna a bakin mutumin ƙauye.

A Nijar

Faransa ba ta ba Hausa gurbi a makaranta kamar yadda Ingila ta yi ba, don haka da Faransanci aka rubuta yawancin littattafan kishin ƙasa a Nijar. Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, ya fitar da littafinsa kan Sarauniya Mangu a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Sarauniyar Lugu ce da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, kuma shugabar Azna ce, masu addinin gargajiya. A kula da bambancin: a Nijeriya malami mai jihadi aka ɗauka gwarzon tarihi, a Nijar marubuci mai neman abin da zai haɗa ƙasa ya ɗauko macen da ba ta bi Sakkwato ba, ba ta kuma bi Faransa ba. Harshe ɗaya, iyaka ta raba, kowane ɓangare ya zaɓi abin tunawarsa. A 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da zai iya sauya harshen da za a rubuta tarihin gobe da shi.

Daga shekarun 1980 zuwa yau

Bayan kafa Izala a Jos a 1978, muhawarar malamai ta koma rediyo da kaset. Ɗaliban Shehu Abubakar Gumi suka ɗauko Ɗanfodiyo mai yaƙi da bidi'a, almajiran Shehu Nasiru Kabara suka ɗauko Ɗanfodiyo Baƙadire, kuma dukansu suna da shafin da za su nuna. A ɓangaren labari, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona fasa-ƙwauri da cin hanci na shekarun arzikin mai, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya nuna abin da yaƙi ya bari a zukatan waɗanda suka yi shi.

Sai kuma littattafan da aka laƙaba wa adabin kasuwar Kano. An raina su da cewa soyayya ce kawai, amma Balaraba Ramat Yakubu a Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kwikwiyo, da Bilkisu Funtuwa, da Ado Ahmad Gidan Dabino, maganar auren dole da karatun mata da haƙƙin matar da aka saka suke yi, kuma da hujjar Musulunci suke yin ta. A 2007 an ƙone irin waɗannan littattafai a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Masu ƙonawa da masu rubutawa duk addini ɗaya suke kafa hujja da shi.

Saɓanin masana

Turawan mulki sun karanta jihadi a matsayin yaƙin Fulani da Haɓe. Dokta Yusufu Bala Usman, a nazarinsa kan Katsina da aka buga a 1981, ya nuna cewa akwai Hausawa da Fulani a kowane ɓangare, kuma rikicin na tsarin mulki ne da tattalin arziki. Wasu malamai kuma suna ganin duk wanda ya kawo maganar haraji ko ƙabila ya rage wa jihadin tsarkinsa. Rubutun masu jihadin da kansu bai goyi bayan wannan tsoro ba, domin su ne suka fara ambaton jangali, kuma ba su ga hakan a matsayin fita daga addini ba.

Haka Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu suka yi doguwar muhawara a jaridu kan littattafan Kano, ɗaya yana duba ingancin rubutu, ɗaya yana duba abin da littattafan suke faɗa game da al'umma da kuma ɗimbin matan da suka koyi karatu ta dalilinsu. Littafi na iya zama mai rauni a fasaha amma mai nauyi a matsayin shaida.

Abin da zai iya biyowa

Yanzu rubutun ya koma waya. Mata na rubuta labari a WhatsApp da Wattpad, ana karanta shi a YouTube, BBC Hausa na gudanar da gasar Hikayata tun 2016, kuma babu ɗan takarar da zai fita kamfe ba mawaƙi. Babu wata hukumar talifi da ke tsaye a ƙofa, wannan kuwa ya buɗe baki ga waɗanda a da ba a jin su.

Haɗarin shi ne yankan baiti ko shafi a raba shi da zamaninsa. Tun da rikicin 'yan bindiga ya tsananta a Zamfara da Katsina da Sakkwato, an sami masu komawa tarihin 1804 suna karanta shi da idon ƙabila, irin karatun da Bala Usman ya ƙaryata tun 1981. Wanda danginsa suka rasa rai yana da haƙƙin fushi, amma wasiƙun Bello da Al-Kanemi da koken Abdullahi sun nuna cewa abin bai taɓa zama baƙi da fari ba.

Akwai kuma matsalar iya karanta asalin. Dubban takardun Larabci da ajami suna ajiye a Gidan Arewa da ke Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da jami'ar Yamai, da akwatunan gidajen malamai. Cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, da daga naira ɗari a 2014, ya tayar da ƙura saboda mutane sun ji an taɓa asalinsu. Amma da yawa daga masu digiri da suka yi fushin ba za su iya karanta shafi guda na waƙar Asma'u a rubutun da ta yi ta ba, almajirin da zai iya kuwa ba a kiransa teburin nazari. Muddin haka ta ci gaba, yawancin Hausawa za su riƙa jin abin da Shehu da Abdullahi da Sa'adu suka faɗa ne daga bakin mai wa'azi ko ɗan siyasar da ya zaɓar musu wurin da za su ji.